Gadon Wayewa Bayan Annoba: Nazarin Jigo da Salo a Littattafan Earth Abides da Station Eleven

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rassan ƙagaggun labarai da suka bunƙasa a adabin Ingilishi akwai wanda ake gina shi a kan annoba mai share yawancin bil'adama, ta bar 'yan tsiraru suna fafutikar sake kafa zaman duniya. Annobar korona da ta game duniya a shekarar 2020 ta sa masu karatu da manazarta sun sake waiwayar irin waɗannan littattafai, domin abin da a da ake ɗauka zuƙi-ta-malle ne ya zo ya yi kama da abin da ido ya gani. Sai dai cutar kanta ba ta cika zama ƙashin bayan waɗannan labarai ba. Sau da yawa marubuci yakan gama da ita a cikin babi ɗaya ko biyu, sannan ya fuskanci tambayar da ta fi nauyi, wato: idan waɗanda suka san duniyar da ta gabata suka tsufa, me za su iya miƙa wa 'ya'yansu, kuma ta wace hanya?

Wannan maƙala za ta yi nazarin littattafai biyu da suka ba wannan tambaya amsoshi mabambanta. Na farko shi ne Earth Abides na George R. Stewart, wanda aka buga a 1949. Na biyu kuwa shi ne Station Eleven na Emily St. John Mandel, wanda ya fito a 2014. Za a dubi jigoginsu da zubinsu da salonsu, tare da auna su da ra'ayin Ibn Khaldun game da bunƙasa da durƙushewar sana'o'i da ilimi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, littattafan biyu sun haɗu a kan cewa wayewa tana rayuwa ne a hannun mutane masu koyar da juna, kuma kayan da ta bari ba sa iya farfaɗo da ita su kaɗai. Inda suka rabu shi ne a kan abin da ya cancanci a koyar.

2.0 Asalin Wannan Reshe da Ma'aunin Nazari

Manazarta sukan danganta mafarin wannan reshe ga Mary Shelley, wadda ta wallafa The Last Man a 1826. A littafinta annoba ta cinye kowa, ta bar mutum ɗaya tak, saboda haka babu zancen sake gini. Jack London ne ya buɗe wannan ƙofa a The Scarlet Plague (1912), inda wani tsohon malamin jami'a yake ba jikokinsa labarin annobar da ta auku shekara 60 da suka wuce, su kuwa jikokin, waɗanda suka tashi cikin farauta, suna yi masa dariya. Daga baya Stephen King ya fitar da The Stand a 1978, sannan a Afirka ta Kudu Deon Meyer ya rubuta Koors da harshen Afirkans a 2016. An zaɓi littattafan Stewart da Mandel ne domin a cikinsu batun gado tsakanin tsara da tsara ya fi fitowa fili.

Dacewar ra'ayin Ibn Khaldun (1332-1406) da wannan nazari ta samo asali daga rayuwarsa. Annobar da ta afka wa birnin Tunis a tsakanin 1348 da 1349 ta kashe mahaifansa biyu da wasu daga cikin malamansa, kuma a Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, ya bayyana yadda ta sauya fuskar duniyar da ya sani. Abubuwa uku daga cikin ra'ayoyinsa za su yi amfani a nan. Na ɗaya, sana'o'i suna bunƙasa ne gwargwadon yawan jama'a da buƙatarsu, kuma suna ja da baya idan birni ya kama hanyar zama kufai. Na biyu, koyar da ilimi shi ma sana'a ce, wadda ke buƙatar silsilar malamai, idan silsilar ta yanke kuwa ilimin ya yi rauni. Na uku, ɗaukakar gida takan ƙare ne a cikin zuriya huɗu: wanda ya gina, sai wanda ya koya daga maginin, sai mai kwaikwayo ba tare da sanin dalili ba, sai kuma mai rushewa.

3.0 Taƙaitaccen Bayanin Littattafan

3.1 Earth Abides

Stewart (1895-1980) malamin adabin Ingilishi ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma a wannan yanki ya kafa labarinsa. Babban tauraro shi ne Isherwood Williams, wanda ake kira Ish, ɗalibi mai binciken labarin ƙasa. Yana cikin duwatsu shi kaɗai maciji ya sare shi, ya yi jinya a wata bukka, ko da ya sauko sai ya tarar wata sabuwar cuta ta kusa ƙarar da mutane. Bayan ya ratsa Amurka da mota har zuwa New York ya komo, sai ya haɗu da wata mata, Em, suka yi aure. Sannu a hankali wasu 'yan tsira suka taru gare su, aka sami ƙaramar al'umma mai rayuwa a kan abincin gwangwani da sauran kayan da matattu suka bari.

A shekara ta 22 ruwan famfo ya ɗauke, wani baƙo mai suna Charlie ya shigo da fitina, sannan zazzaɓin taifod ya kashe wasu yara, ciki har da Joey, ɗan Ish, wanda shi kaɗai ne ya ƙware a karatu. Daga nan Ish ya rufe makarantarsa ya koma koya wa yara yin kwari da baka. Littafin ya ƙare da mutuwarsa a kan wata tsohuwar gada, yana tsoho tukuf, kewaye da samari mafarauta waɗanda ba su san harafi ko ɗaya ba. Wannan littafi ne ya fara cin kyautar International Fantasy Award a 1951, kuma an mayar da shi shirin talabijin a 2024.

3.2 Station Eleven

Mandel 'yar Kanada ce, an haife ta a 1979. Labarinta ya fara ne a wani gidan wasan kwaikwayo a birnin Toronto, inda wani shahararren ɗan wasa, Arthur Leander, ya faɗi ya mutu yana cikin fitowa a wasan King Lear na Shakespeare. A wannan dare ne wata mura mai saurin kisa ta ɓarke a birnin, cikin 'yan makonni ta hallaka kusan kowa. Bayan shekara 20, Kirsten, wadda take yarinya 'yar shekara takwas a wancan wasa, ta zama 'yar wani ayarin makaɗa da 'yan wasa da ke zagaya ƙauyukan gaɓar manyan tafkunan Michigan da Huron a cikin tsofaffin motocin da dawaki ke ja. Ayarin ya yi karo da wani mai da'awar annabci, ya gudu zuwa wani filin jirgin sama inda Clark, aminin Arthur, ya kafa gidan adana kayan tarihin wayewar da ta shuɗe. Littafin ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2015, an kuma yi shirin talabijin da shi a 2021.

4.0 Jigo

Babban jigon littattafan biyu shi ne gadon wayewa. Za a warware shi ta fuskoki uku: ilimi, da hukunci, da imani.

4.1 Ilimi da Hanyar Miƙa Shi

Ish mutumin littafi ne, kuma tun farko ya ɗauka cewa muddin babban laburaren jami'a yana tsaye to wayewa ba ta mutu ba. Saboda haka ya toshe tagoginsa, ya sa yara suna ganin girman wurin. A ganinsa duk abin da ake buƙata yana nan a rubuce, abin da ya rage shi ne a sami mai karantawa. Stewart ya bi wannan fata a hankali yana warware shi zare-zare. Yaran da Ish yake tarawa a makarantarsa ba su ga amfanin lissafin kuɗi ba, domin babu ciniki. Ba su ga amfanin iyakokin taswira ba, domin babu hukumar da ta shata su. Manya ma sukan saurari jawabansa na gargaɗi su yaba, gari ya waye kowa ya koma buɗe gwangwani. Wannan ya yi daidai da abin da Ibn Khaldun ya faɗa cewa buƙata ce take riƙe da sana'a. Jama'ar da ba ta wuce 'yan gidaje ba, wadda kuma ta gaji kantunan birni guda, ba ta da abin da zai tilasta mata noma, balle injiniyanci.

Mutuwar Joey ita ce ƙololuwar wannan jigo. Ish ya ɗora gadon duniya guda a kan yaro ɗaya mai raunin jiki, alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da yaron ya mutu silsilar ta yanke, laburaren ya zama tarin takardu. Abin lura shi ne matakin da Ish ya ɗauka bayan haka. Ya lissafa cewa harsasai za su ƙare, bindigogi za su yi tsatsa, sai ya sassaƙa baka ya ba yara a matsayin abin wasa. Abin da darasi ya kasa dasawa, wasa ya dasa shi, domin yaran sun shiga gasa da juna a kan wanda bakansa ya fi kyau. A ƙarshen littafin an ga tattaɓa-kunnensa, Jack, ɗauke da kibiyoyin da aka ƙera kawunansu da tsofaffin kwabbai da sulalla. Kuɗin Amurka ya tashi daga abin ciniki ya koma ƙarfen ƙira. Mai karatun da ya san yadda ɗan maƙeri yake koyon ƙira tun daga zuga zugazugi ba zai yi mamakin wannan sakamako ba: sana'ar da ta shiga hannu ita ce ta tsallake, wadda ta tsaya a takarda ta maƙale.

Ita kuwa Mandel ta raba aikin adana gado gida biyu. A gefe ɗaya akwai gidan tarihin Clark, inda aka jera wayoyin hannu da kwamfutoci da katunan banki da fasfo. Waɗannan kaya ba sa aiki, kuma babu mai iya gyara su. Clark da kansa ya gane dalili a lokacin da ya tsaya yana tunanin wani ɗan ƙaramin abin ado na gilashi, yana ƙirga hannuwan da suka taɓa shi tun daga masana'anta har jirgin ruwa da motar dako. Kowane ƙaramin abu na zamani aikin dubban mutane ne da ba su san juna ba, idan suka mutu kuwa abin ya mutu tare da su ko da yana nan garau. A ɗaya gefen kuma akwai ayarin 'yan wasa, wanda gadonsa yake a baki da jiki. Wasa da kiɗa ba sa buƙatar lantarki. Abin da suke buƙata shi ne mai haddacewa, da mai koyarwa, da 'yan kallo. Taken da ayarin ya rubuta a jikin motarsa ta gaba yana nuni da cewa ran ɗan Adam yana neman abin da ya zarce ci da sha.

Ke nan marubutan biyu sun yarda cewa abin da ake aikatawa shi yake tsira. Bambancin shi ne Stewart ya ɗauki fasahar neman abinci a matsayin abin da zai saura, ya bar adabin da ya gabata ya nutse, ita kuwa Mandel ta nace cewa adabi yana cikin kayan tsira. Hujjarta tana da tushe a tarihi, domin Shakespeare ya yi zamani da annoba, an kuma rufe gidajen wasan Landan saboda ita a tsakanin 1592 da 1594 da kuma a 1603, amma wasanninsa suka wanzu.

4.2 Hukunci da Mafarin Mulki

Babu wurin da alƙalamin Stewart ya yi kaifi kamar a shari'ar Charlie. Wannan baƙo ya faɗa wa Ezra, abokin Ish, a cikin maye cewa yana ɗauke da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ga shi kuma ya sa ido a kan Evie, wata budurwa mai taɓin hankali. Al'ummar ba ta da doka, ba ta da alƙali, ba ta da kurkuku. Dattawa huɗu, wato Ish da Em da Ezra da George, suka zauna suka jefa ƙuri'a a asirce tsakanin kora da kisa, dukansu suka zaɓi kisa, washegari aka rataye shi a jikin itace. Abin da ke da nauyi a nan shi ne Charlie bai riga ya aikata laifin ba. An hukunta shi ne a kan abin da ake tsoron zai aikata. Ish ya fahimci cewa a wannan rana aka haifi hukuma a tsakaninsu, kuma an haife ta ne da jini. Stewart bai wanke dattawan ba, bai kuma la'ance su ba. Ya ƙara ɗaure kan mai karatu da cewa kisan bai hana bala'i ba, domin taifod ya ɓarke bayansa.

A Station Eleven akwai makamancin wannan hukunci. A watannin farko a filin jirgin sama wani mutum ya yi wa wata mata fyaɗe, jama'a suka ɗaure shi har gari ya waye, suka kora shi daji da bakin bindiga. A nan laifi ya riga hukunci, kuma an zaɓi kora, ko da yake korar mutum daji a tsakiyar hunturu ba ta da nisa da kisa. Mandel ta wuce wannan al'amari cikin 'yan layuka, ba ta tsaya ta auna shi ba. Inda ta fi mayar da hankali shi ne nauyin kisa a zuciyar mutum ɗaya: Kirsten tana da zanen wuƙaƙe a wuyan hannunta, kowace wuƙa tana wakiltar ran da ta kashe domin kare kanta. Saboda haka ana iya cewa Stewart ya dubi hukunci ta fuskar al'umma, Mandel kuwa ta fuskar lamiri. Ta ɓangaren nazarin siyasa, littafin 1949 ya fi zurfi nesa ba kusa ba.

4.3 Imani da Camfi

A ranar da maciji ya sari Ish ya tsinci wata tsohuwar gudumar masu haƙar ma'adinai. Da ita yake sassaƙa lambar kowace sabuwar shekara a jikin wani dutse. Shi a wurinsa kayan aiki ce, amma yaran da suka tashi suna ganin ta a wannan biki sai suka ɗauke ta abu mai tsarki, har suna tsoron taɓa ta. Haka kuma kalmar Ba'amurke ta koma sunan wasu mutanen da, masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, waɗanda suka gina gadoji da tituna. Idan aka ɗora wannan a kan ma'aunin zuriya huɗu na Ibn Khaldun za a ga dacewa mai ban mamaki. Ish ya ga duniyar da idonsa. 'Ya'yansa sun ji daga bakinsa. Jikoki sun riƙe al'ada ba tare da dalili ba. Tsarar Jack kuwa ta ware kibiya mai jan kai domin wata dabba, mai farin kai domin wata, ba don wani dalili ba sai don haka aka tarar. Ish, wanda ya yi rayuwarsa yana yaƙi da camfi, ya ƙare a matsayin abin camfawa, samari suna tambayarsa kamar boka, suna mintsininsa idan ya ƙi amsawa. Sai dai Stewart ya saɓa wa Ibn Khaldun a wuri ɗaya: bai ɗauki zuriya ta huɗu a matsayin mai rushewa ba. Ya nuna ta a matsayin mafarin wata sabuwar al'umma mai dogaro da kanta, wadda ta daina kiwon kufai.

Mandel ta bi ta wata hanya. Mai da'awar annabcin nan ashe Tyler ne, ɗan Arthur, wanda annoba ta rutsa da shi yana yaro a filin jirgin sama. Ya tashi da aƙidar cewa an zaɓi waɗanda suka tsira ne domin wata manufa, ya haɗa ayoyin ƙarshen Baibul da wani littafin labarin zane mai suna Station Eleven, wanda Miranda, matar Arthur ta farko, ta zana. Kirsten ma tana da kofen wannan littafi. Ke nan matani ɗaya ya faɗa hannun yara biyu: ɗaya ta sami natsuwa a cikinsa, ɗayan ya sami hujjar mallakar mutane da auren ƙananan 'yan mata da ƙarfi. Wannan shi ne mafi kyawun tunani a littafin, domin ya nuna cewa tsirar matani ba ta isa ba, sai an dubi wanda ya karantar da shi da kuma yadda aka karanta shi.

5.0 Zubi da Tsari da Salo

Stewart ya bi miƙaƙƙen zubi. Ya kasa littafinsa kashi uku: shekarar annoba, da shekara ta 22, da tsufan Ish, ya haɗa su da gajerun babuka masu tsallake shekaru da sauri. Mawallafi yana bayan fage, amma kusan komai ta idon Ish ake ganinsa. Babbar dabararsa ita ce wasu sassa da ya tsarma da rubutun tsutsa, inda yake barin mutane ya koma bayanin abin da ke faruwa ga tururuwa da ɓeraye da shanu da bututun ruwa da tituna. Muryar waɗannan sassa ta masanin kimiyya ce gauraye da ta mai wa'azi, kuma aikinsu shi ne ƙanƙantar da ɗan Adam, a nuna shi a matsayin halitta ɗaya cikin halittu, wadda yawanta ya kai matuƙa sannan ya faɗi. Sunayen taurari ma suna ɗauke da ma'ana, domin a Ibrananci Ish na nufin namiji, Em kuwa uwa.

Zubin Mandel kuwa na waiwaye ne. Labari yana kai da komo tsakanin rayuwar Arthur kafin annoba da shekara ta 20 bayanta, ana ɗinke sassan da wasu abubuwa masu yawo daga hannu zuwa hannu, kamar littafin zanen nan da wani dunƙulen gilashi na danne takarda. Ta kuma yi amfani da hirar jarida da wasiƙu da jerin abubuwan da suka ɓace. Wannan zubi yana sa mai karatu ya dubi duniyarsa ta yau da idon wanda ya rasa ta, har kunna fitila ya zama abin al'ajabi. Idan zubin Stewart yana koyar da yadda mantuwa take cin al'umma, na Mandel yana koyar da yadda tunawa take riƙe ta. Ƙarshen littattafan ma ya bi wannan bambanci: Ish ya miƙa gudumarsa ga Jack ya cika, ita kuwa Kirsten an nuna mata ta madubin hangen nesa wani gari can kudu da fitilun lantarki ke ci a titunansa.

6.0 Raunin Littattafan

Earth Abides yana ɗauke da tabon zamaninsa. Gaskiya ne Stewart ya yi ƙarfin hali da ya sanya uwar sabuwar al'umma ta zama mace mai jinin baƙar fata, a lokacin da jihohin Amurka da dama suke haramta irin wannan aure. Amma duk da haka ya raba aiki ta yadda tunani na Ish ne, ƙarfin zuciya da haihuwa na Em. Haka nan a tafiyarsa Ish ya tarar da wasu baƙaƙen fata a jihar Arkansas suna noma da kiwo, wato su ne suka riga kowa komawa ga dogaro da kai, amma sai ya dube su da idon raini, har ya raya a ransa cewa zai iya zama sarkinsu. Yadda al'ummar ta ɗauki Evie a matsayin haɗari ga zuriya shi ma yana da warin aƙidar tace iri da ta yi tashe a farkon ƙarni na 20.

Raunin Station Eleven na wani nau'i ne dabam. Haɗuwar taurari ta yi yawa, har ya zama kamar duk wanda ya tsira a yankin yana da alaƙa da Arthur. Marubuciyar ta kauce wa shekarun farko masu tsanani ta hanyar sa Kirsten ta manta shekararta ta farko a kan hanya. Batun noma da iri da magani, waɗanda su ne ginshiƙin kowane sake gini, bai sami kulawar da wasan kwaikwayo ya samu ba, kuma fitilun ƙarshen littafin sun zo ba tare da an nuna hannuwan da suka kunna su ba.

Akwai kuma raunin da ya haɗa su. Nahiyar da aka kafa labaran biyu a kanta ta taɓa ganin irin wannan annoba a zahiri, domin bayan 1492 agana da ƙyanda da sauran cututtukan da Turawa suka shigo da su sun hallaka ɗimbin 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka saura kuma suka sake gina rayuwarsu. Sunan Ish yana tuna wa mai karatu Ishi, mutum na ƙarshe daga ƙabilar Yahi ta Kalifoniya, wanda ya fito daga daji a 1911 ya mutu da tarin fuka a 1916. Duk da haka, a littattafan biyu wayewar da ake makoki ita ce ta laburaren jami'a da Shakespeare, kuma mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake rayuwa bayan rugujewar duniya ba su sami bakin magana ba.

7.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa Stewart da Mandel sun yi amfani da annoba ne domin su rarrabe tsakanin kayan wayewa da ruhinta. Laburaren Ish da gidan tarihin Clark duk sun tsira daga cuta, amma ba su iya haifar da komai ba. Baka da wasan kwaikwayo ne suka haye, domin an sami masu koya da masu koyarwa. Ta fuskar zurfin tunani a kan al'umma da hukunci Earth Abides ya yi zarra, ta fuskar zubi da taɓa zuciya kuwa Station Eleven ya fi. Hausawa sukan ce in ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau; littattafan biyu sun yarda da haka, sun kuma ƙara da cewa tulun shi ne silsilar da ke tsakanin tsoho da yaro. Wannan darasi ya shafi duk mai nazarin harshe da adabi, domin harshe ma yana iya samun ƙamus da nahawu a kan kanta, ya mutu a ranar da aka rasa yaron da zai karɓe shi daga bakin iyayensa.